Idin Fentikos a Wusasa: Sujada, Zumunta da Hidimar Ikkilisiyar Angilikan a Ƙasar Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rayuwar ikkilisiyar Angilikan ta Wusasa, Zariya, a kwanakin da ke kewaye da Idin Fentikos, wato daga makon Hawan Yesu zuwa sama har zuwa Lahadin Triniti. An duba abu uku: harshen da ake sujada da shi, zumuntar 'yan ikkilisiya a farkon damina, da yadda ake kai bishara da hidima ga jama'a a ƙasar da galibin mutanenta Musulmi ne. An dogara ga tarihin ƙungiyar mishan ta CMS a ƙasar Hausa, da littattafan addu'a na ɗarikar, da lura da yadda ibada ke gudana. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, ikkilisiyar Wusasa ta rayu kusan shekara ɗari ne saboda ta zama 'yar gida a harshe da gini da dangantaka, kuma Fentikos ne lokacin da ya fi dacewa ta auna kanta, ta ga ko har yanzu tana riƙe da wannan matsayi. An rufe da shawarwari ga shugabannin ikkilisiya da manazarta.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Kiristanci a Arewacin Nijeriya, abin da ke fara faɗo wa mutane da yawa a rai shi ne Sabon Gari da baƙin da suka zo daga Kudu, ko kuma ƙabilun Kudancin Kaduna da Filato. Ba kasafai ake tuna cewa akwai Hausawa da Fulani da suka gaji Kiristanci daga iyaye da kakanni ba, masu amsa sunan Audu da Barau da Ladi da Talatu, waɗanda ba su da wani harshen gado sai Hausa. Su kan kira kansu Masihiyawa. Cibiyarsu ta tarihi ita ce Wusasa, wadda ke wajen ganuwar birnin Zazzau, a kusa da Dutsen Kufena.

An zaɓi Fentikos ne da gangan. Kirsimeti da Ista sukan zo da ɗinki da girke-girke da cikar majami'a, har maƙwabci ya san ana biki. Fentikos kuwa yakan wuce shiru, alhali a koyarwar Kirista shi ne ranar da aka haifi ikkilisiya. Tambayoyin da yake tayarwa duk a kan ikkilisiyar kanta suke: da wane harshe take magana, yaya 'ya'yanta ke riƙon juna, kuma da wace fuska take fita wurin waɗanda ba nata ba. Waɗannan tambayoyi ne maƙalar za ta bi ɗaya bayan ɗaya, bayan taƙaitaccen bayani kan idin da kuma tarihin wurin.

2.0 Fentikos a Kalandar Angilikan

Fentikos na zuwa ne a rana ta hamsin daga Ista, kwana goma bayan Hawan Yesu zuwa sama. Da yake ranar Ista tana bin lissafin wata, shi ma yakan sauya daga shekara zuwa shekara, amma ba ya fita daga tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. Asalinsa Idin Makonni ne na Yahudawa, wanda ake yi lokacin girbin alkama, manomi ya kawo nunan farin gonarsa gaban Allah.

Sura ta 2 ta littafin Ayyukan Manzanni ta ba da labarin abin da ya auku a Urushalima ranar wannan idi. Almajiran Yesu suna tare wuri ɗaya, Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, suka fara magana da harsuna dabam-dabam, baƙin da suka zo idi daga ƙasashe masu nisa kowa ya ji saƙon da harshen garinsu. Cikin waɗanda aka lissafa akwai mutanen Masar da na Libiya da Larabawa. Bitrus ya yi wa'azi, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Surar ta ƙare da bayanin zaman da suka yi daga nan: koyarwa, addu'a, cin abinci tare, da sayar da dukiya domin biyan bukatar wanda ba shi da shi.

Ɗarikar Angilikan tana da alaƙa ta musamman da wannan rana. Littafin Addu'a na farko da Babban Bishop Thomas Cranmer ya tsara da Turanci a maimakon Latin, an wajabta fara aiki da shi a Ingila ranar Fentikos ce, 9 ga Yuni 1549. Ƙa'ida ta 24 daga Ƙa'idodin Addini 39 na ɗarikar ta hana yin sujadar jama'a da harshen da mutane ba sa fahimta. Ke nan yin ibada da harshen uwa yana cikin tushen ɗarikar tun daga farko.

Littafin Addu'a na 1662 ya kewaye idin da ranakun roƙo kashi biyu. Litinin da Talata da Laraba kafin Hawan Yesu, ranaku ne na roƙon albarkar gona. Laraba da Juma'a da Asabar bayan Fentikos kuma, ranaku ne na azumi da addu'a domin waɗanda za a naɗa aikin limanci. Za a ga muhimmancin na farkon idan an zo maganar damina.

3.0 Yadda Ikkilisiya ta Kafu a Wusasa

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar na CMS zuwa ƙasar Hausa. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawa mazauna can, a hanyar fatake da mahajjata. Sun isa Kano tun kafin Turawa su ci birnin, Sarki Alu ya ce su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai a 1905 Miller ya sami damar zama cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani a Durumin Maigarke.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, don haka ta taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi. A ɗaya ɓangaren, talakawa suna kallon ɗan mishan da jami'in gwamnati a matsayin abu ɗaya, tunda fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya. Miller kansa mutum ne mai kaifin harshe a kan sarakuna, dangantakarsa da fada ta yi tsami. Wannan tabo ne da ikkilisiya ta gada, kuma duk mai son fahimtar zargin da ake yi mata har yau, cewa addininta na baƙi ne, dole ya fara daga nan.

Abin da ya ba aikin saiwa ya fito ne daga cikin gida. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya riƙa ba Annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa, har aka yanke masa hukuncin kisa a Kano. Almajiransa, waɗanda aka fi sani da Isawa, suka watsu, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemo Miller a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira su ne suka cika makarantar mishan, daga cikinsu kuma manyan gidajen Kiristocin Hausa suka fito.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, ƙarƙashin kulawar Guy Bullen. Nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da azara, da rufin bakan gizo, irin fasahar da magini Babban Gwani ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Mai shiga cikinta ba ya jin ya bar ƙasar Hausa: kaurin bango, sanyin ɗaki da tsakar rana, da yadda murya ke zagayawa ƙarƙashin baka, duk irin na soron babban gida ne. Kusa da ita aka kafa makaranta da asibitin St. Luke, daga baya aka sami kwalejin St. Paul, wadda ta koma Kwalejin Kufena, da kwalejin horar da limamai ta St. Francis.

Ɗan ƙaramin wurin nan ya ba Arewa mutanen da ba za a manta da su ba. Dakta R.A.B. Dikko shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai aikin bishara ne daga ƙasar Angas, a Wusasa ya tashi. Farfesa Adamu Baikie ya shugabanci jami'o'i a gida da waje. John Tafida kuma shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka biyo bayan gasar 1933.

Ta fuskar tsari, an kafa Dayosis na Arewacin Nijeriya a 1954. Cocin Nijeriya ya zama lardi mai cin gashin kansa a 1979. A 1990 aka buɗe sababbin dayosis na bishara a garuruwa irin su Katsina da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri, sannan a 1997 Wusasa ta zama dayosis, Ali Buba Lamido ya zama bishop ɗinta na farko.

4.0 Harshen Sujada

Aikin sa Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya girmi Wusasa. J.F. Schön ya fara nazarin Hausa tun tafiyar Kogin Kwara ta 1841, wadda ya yi tare da Samuel Ajayi Crowther, daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Miller ne jigon fassarar, da taimakon Hausawan da ke tare da shi da ma'aikatan wasu ƙungiyoyin mishan. Tasirin wannan fassara ya wuce ɗarikar Angilikan nesa ba kusa ba. Ita ce ta sa Bajju da Angas da Tangale da Gbagyi suka iya zama benci ɗaya su yi addu'a da murya ɗaya.

Ga yadda sujadar Jibin Ubangiji ke gudana a irin wannan Lahadi. An lulluɓe teburi da jan ƙyalle, limami ya rataya jan gyale a wuya, alamar harsunan wuta da aka ambata a labarin. Mai ɗauke da gicciye na gaba, mawaƙa na biye, limamai a ƙarshe. Bayan addu'ar tsarkake zuciya sai karatu daga Ayyukan Manzanni, sannan kowa ya miƙe domin Bishara daga Yahaya sura ta 14, inda Yesu ya yi alkawarin aiko da Mai Taimako. A yi wa'azi, a furta Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda taron Kustantiniya na shekarar 381 ya faɗaɗa sashenta mai magana kan Ruhu Mai Tsarki. Lokacin baiko ne majami'a ke motsawa. 'Yan Zumuntar Mata cikin anko su ɗauki waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, ana dukan bakin tulu da tafin hannu, ana kaɗa caki, layi-layi ana fitowa da rangaji har gaban teburi. Tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro abin da ta ƙulla tun jiya, ɗan makaranta ya jefa nasa. Daga nan sai a nutsu, a durƙusa a karɓi gurasa da ƙoƙo. Tsarin daga Littafin Addu'a ya zo, amma kari da amshi da motsin jiki na nan ne.

Sai dai akwai matsala biyu da ya kamata a faɗe su a fili. Ta farko, Hausar da ta haɗa kan masu bi ta danne ƙananan harsuna. A Kudancin Kaduna da Filato da Bauchi akwai yaran da suka iya Addu'ar Ubangiji da Hausa amma ba su iya gaida kakarsu da yarensu ba. Labarin Fentikos bai ce an haɗa baƙin Urushalima a kan harshe ɗaya ba. Kowa da nasa ya ji. Ikkilisiyar da ke alfahari da Hausa wajibi ne ta buɗe wa Kurama da Gbagyi da Fulfulde ƙofa, ko da a karatu da waƙa ne.

Ta biyu, abin da Hausa ta yi wa waɗancan harsuna, shi Turanci ke yi mata yanzu. A majami'u da yawa na biranen Arewa an raba sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa. Matasa da ma'aikata suna tururuwa zuwa ta farko, ta biyun ta zama ta tsofaffi da 'yan ƙauye. Hatsarin a bayyane yake. Ranar da jikan Isawa ya kasa karanta Zabura da Hausa, ya tabbatar wa mai zargi da bakinsa cewa addinin na baƙi ne. Haka kuma majami'un Fentikostal da suka yaɗu daga shekarun 1970 sun ja matasa da kiɗan zamani da addu'ar dare da wa'azin Turanci. Angilikan sun amsa da ƙungiyoyin farkawa irin su EFAC, kuma an amfana. Amma idan farkawa ta zama dalilin barin harshen gida, an yi asarar abin da ya fi wuyar mayarwa.

5.0 Idi a Bakin Damina

A ƙasar Yahudiya Fentikos idin girbi ne. A ƙasar Zazzau yana faɗowa ne a daidai kishiyar haka. Tsakanin tsakiyar Mayu da tsakiyar Yuni ruwa ya fara sauka, an gama sharar gona, ana shukar masara da dawa da gyaɗa, wasu sun shiga noman farko. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya fara tsada a kasuwa, kuɗin da ke hannu ya tafi ga iri da taki da maganin feshi, ga kuɗin makarantar zango na uku. Nan gaba kaɗan sauro zai yawaita, zazzaɓi ya riƙa kwantar da yara. Duk wanda ya riƙe ma'ajin ikkilisiyar ƙauye ya san baiko na raguwa a wannan lokaci, bukata kuma na ƙaruwa.

Wannan ya sa ƙarshen sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ya fi farkonta nauyi ga manomin Zazzau. Maganar cin abinci tare da biyan bukatar juna tana sauka ne a kunnen mutumin da ke lissafin ko dawar da ta rage za ta kai shi kaka. Bikin godiyar kaka da ake yi wajen Oktoba da Nuwamba yana da sauƙi, domin ana bayarwa ne daga yalwa. Bayarwar Fentikos daga ƙaranci take fitowa, don haka ita ce ma'aunin zumunta na gaskiya.

Ikkilisiya tana da hannuwan da za ta yi wannan aiki. Ƙungiyar iyaye mata, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, ta haɗu da al'adar Zumuntar Mata ta Arewa ta zama ƙashin bayan kowace majami'a. Su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da gona, da mai jegon da ba ta da mai dafa mata ruwa. Suna da adashi, suna da ziyarar asibiti, suna da zuwa gaisuwar mutuwa da kwanon tuwo a ka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a ikkilisiya ƙafar mata ce ta fi yin wannan tafiya. Ƙungiyar matasa da ta maza kuma suna da gayya, wadda tsohuwar al'ada ce ta manoman Hausa tun kafin zuwan mishan. Samari su ɗauki fartanya da sassafe su nufi gonar gwauruwa ko ta mara lafiya, kafin rana ta take sun gama abin da zai ci mata mako, a sha kunu a watse.

A nan ne ranakun roƙon albarkar gona ke da amfani. An tsara su domin bazarar Ingila, amma sun faɗo daidai lokacin shuka a ƙasar Hausa. Majami'u da yawa sun bar su sun shuɗe a cikin littafi. Da za a farfaɗo da su, limami ya fita bakin gona da jama'a, a yi addu'a kan iri da garma da shanun huɗa, a haɗa da tara iri domin marasa hali, da manomi ya ga cewa kalandar ikkilisiya ta san halin da yake ciki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan kusa, da malaman gona da za a iya gayyata su yi bayanin ingantaccen iri a harabar majami'a ga kowa da kowa.

6.0 Bishara da Maƙwabtaka

Fentikos idi ne na fita waje, kuma ikkilisiyar Angilikan ba ta ɓoye cewa tana da saƙon da take son isarwa. Tun shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya koya wa talakawan masu bi fita bishara ƙauye-ƙauye. Daga shekarun 1970 Maguzawa da yawa a karkarar Zazzau da Kano da Katsina sun karɓi Kiristanci, abin da ya kai ga kafa dayosis irin su Ikara da Bari. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙon addini da sauya shi da yaɗa shi. Wannan 'yanci na Musulmi ne da Kirista baki ɗaya.

Amma doka ba ta isa ta koya wa mutum ladabi ba. Zariya ta ga abin da rashinsa ke haifarwa. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa, aka taɓa masallatai a inda abin ya faro. Rikicin Kaduna na 2000 da na bayan zaɓen 2011 sun ƙara raba unguwanni. Daga cikin wannan wuta ne aka sami mutanen da suka zaɓi wata hanya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kafa cibiyar sasanci a Kaduna bayan sun taɓa zama abokan gaba. Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi karatun addinin Musulunci mai zurfi, ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi a Kaduna, kafin ya zama Babban Sakataren Tarayyar Angilikan ta duniya daga 2015 zuwa 2022.

Wusasa tana da abin da waɗannan cibiyoyi ke ƙoƙarin ginawa, domin a can dangantakar ta jini ce. Gida ɗaya za ka sami wa Kirista, ƙane Musulmi, gwaggo Hajiya, kawu Rabaran. Sarautar Sarkin Wusasa tana ƙarƙashin masarautar Zazzau, kuma Kiristoci sun riƙe ta. Asibitin St. Luke ba ya tambayar mai naƙuda addininta kafin a karɓe ta. Shekarar 2025 ta nuna wannan zama ƙarara. An yi tsayuwar Arfa ranar Alhamis 5 ga Yuni, aka yi Babbar Sallah ranar Juma'a 6 ga wata, Fentikos ya faɗo Lahadi 8 ga wata, lokacin da alhazai ke Mina suna jifa. A irin wannan mako yaro kan shigo gidan Kirista da kwano a rufe, ya durƙusa ya ce, “Baba ya ce a kawo wa Inna.” A buɗe a ga soyayyen naman layya, a sa masa albarka, a tambayi ko an ji labarin Alhaji daga Makka. Idan Kirsimeti ta zo, kwanon nan zai koma da shinkafa da cincin.

Bahaushen da ya je Makka ya ga taron harsuna da idonsa: mutumin Indonesiya da na Turkiyya da na Senegal a sahu ɗaya. Alƙur'ani, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Saboda haka idan Kirista ya ba shi labarin Fentikos, akwai inda za su fahimci juna. Wannan ba ya nufin aƙidar ɗaya ce. Musulmi ya fahimci Ruhul Ƙudusi a matsayin Mala'ika Jibrilu, Kirista kuwa ya gaskata Ruhu Mai Tsarki Allah ne cikin Triniti. Bambanci ne babba, kuma rufe shi da daɗin baki yaudara ce. Abin da ake nema shi ne kowa ya faɗi nasa da gaskiya, ba zagi, ba tilas, ba sayen zuciya da buhun masara. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin sauya addini ya zama ciniki, kuma yana zubar da mutuncin mai bayarwa da mai karɓa.

7.0 Shawarwari

1. A riƙe sujadar Hausa a lokaci mai kyau na ranar Lahadi, da ƙwararrun masu wa'azi, a kuma koya wa yaran makarantar Lahadi karatu da rubutun Hausa.
2. Ranar Fentikos a karanta labarin idin da duk harsunan da ke cikin ikkilisiya, kamar yadda majami'un Angilikan da dama ke yi a duniya.
3. A farfaɗo da ranakun roƙon albarkar gona, a kafa rumbun ikkilisiya da za a cika da kaka a buɗe da damina, ga mabukaci ko wane ne shi.
4. Kwalejin St. Francis ta zurfafa koyar da Hausa da sanin addinin Musulunci ga limaman da za su yi aiki a karkara.
5. Manazarta a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'i su gaggauta naɗar tarihin baka daga dattawan Wusasa da waƙoƙin Zumuntar Mata, a kuma kula da tsohon ginin St. Bartholomew a matsayin kayan tarihin Arewa baki ɗaya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin Wusasa daga ayarin 1900 zuwa dayosis na 1997, ta duba sujada da zumunta da bishara a kwanakin Fentikos. Abin da ya fito shi ne, duk inda ikkilisiyar ta yi ƙarfi, ta yi shi ne ta hanyar harshen mutane, da sanin lokacin wahalarsu, da mutunta maƙwabcin da bai yarda da aƙidarta ba. Duk inda ta yi rauni kuma, ɗaya daga ukun nan ne ta saki. Kira ga shugabannin ikkilisiya shi ne su mai da Fentikos lokacin wannan bincike na kai kowace shekara. Kira ga 'yan'uwa Musulmi da manazarta shi ne su ɗauki Masihiyawa a matsayin da tarihi ya ba su, wato 'ya'yan ƙasar Hausa masu haƙƙi da nauyi daidai da na kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa.